Shamuwar da Ba Ta Ɗauki Kara Ba

Bazarar bana ta yi tsawo. Jiya da la'asar na fito tsakar gida ina neman iska, sai na hangi shamuwa biyu a ƙolin dogon ƙarfen nan na waya da aka kafa mana a bayan layi. Jikata Ummi tana ta tsalle wai ta ga manyan hankaki. Ban ma tsaya gyara mata ba, idona yana kan bakinsu. Shekara wajen arba'in ke nan, in na ga shamuwa ba na kallon fiffikenta ko ƙafarta, bakinta nake dubawa in ga ko ta ɗauko kara. Waɗannan bakinsu wayam. Na koma ɗaki raina a ɓace, yarinyar tana bina tana tambaya ko wani laifi ta yi mini.

Ba ita ta yi ba. Abin tsoho ne, tun shekarar da sojoji suka yi ta rage ma'aikata. Mijina Malam Lawal, Allah ya jiƙansa, akawu ne mai buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati. Wata Litinin ya tafi ofis da farar rigarsa a goge, kafin azahar ya dawo da takarda a aljihu. Ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya yi wa wani rashin kunya ba, an dai ce sun yi yawa. Cikin wata guda muka bar gidan gwamnati mai famfo da silin, muka koma ciki da falo a wani gidan haya a Kawo, dab da tasha, inda tun asuba 'yan kamasho ke kiran sunayen garuruwa a kanmu. Ni Rabi da na saba murɗa famfo, na koma jan guga a rijiyar da ɗaki shida ke sha.

A lokacin ko mai albashi kuka yake. Shinkafa, madara, sabulu, man girki, komai sai an bi layi. Malam yakan yi sammako zuwa Babbar Kasuwa, rana ta dake shi har azahar, ya dawo da sandar sabulu ɗaya, ko ya dawo da labarin cewa kaya sun ƙare saura mutum huɗu a gabansa. Muka sauko daga tuwon shinkafa zuwa na masara, daga na masara zuwa garin rogo da ƙuli-ƙuli. Kwanukan jerena suka riƙa bin dillaliya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage mini wata kwalla mai murfi da mahaifiyata ta ba ni, wadda na ce ko me za a yi ba za ta fita ba.

Muna cikin wannan hali Iya, mahaifiyar Malam, ta sauka a tashar Kawo daga ƙauyensu, can arewa da Katsina. Damina biyu a jere ruwa bai yi musu ba. Ta rame har zaninta yana zagaya ta sau biyu. Ta zo da ƙunshin tsummokara, da butar alwala, da wani dogon abu nannaɗe cikin tabarmar kaba wanda ba ta yarda ɗan dako ya taɓa ba. Da aka shiga gida ta kwance, sai ga ɗan damin gero, zangarniya arba'in da ɗaya. Gero ne mai gashi, dogon gashi mai tsini da ke hana tsuntsu sauka a kai. Marigayi mijinta ya gaje shi wurin ubansa, ya yi ta zaɓen zangarniyar da ta fi cika kowace kaka har ya mutu. A ƙauyen, yunwa ta sa kowa ya cinye irinsa, har ƙanen mijin nata. Ita ta ci ganye, ta ci dusa, ta ƙi taɓa wannan. Ta ce abin da ke cikin tabarmar nan shi ne ƙarshen geron gidansu, ta kawo shi Kaduna ne don ta ji an ce nan ruwa ba ya yankewa.

Iya ba ta kiran sunan Malam, ɗan fari ne, sai dai ta ce mai gidan nan. Ni kuwa ɗiyar birni take ce mini, sunan kuma yana ci mini rai. A ƙauye aka haife ni, kudu da Zariya, ubana manomi ne, na yi shuka na yi roro kafin aure ya kawo ni Kaduna. Amma matar ɗa ba ta zama ta karanta wa uwar miji tarihinta. Ko ido ba na haɗawa da ita. In tana magana kaina yana ƙasa, ina cewa to, zuciyata kuwa tana faɗin abin da baki bai isa ya faɗa ba.

Kowace Juma'a da hantsi Iya takan sauko da damin daga kan kabad, ta baza shi a rana, ta barbaɗa masa toka saboda ƙwari, ta ƙirga zangarniyar ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure ta mayar. Mu kuma muna zaune da cikin da bai ga komai ba tun jiya sai garin rogo, muna kallon gero yana shan rana.

Malam ya samu aron gona a bayan Mando, inda gari ya ƙare a wancan lokacin, wurin wani dattijon Gbagyi mai suna Baba Ɗanjuma da yake taɓa buga wa takardu a ofis. Shi Malam tun yana ɗan shekara goma aka ɗauke shi makarantar kwana, noman da ya sani na tunawa ne. Ya kama sharar gona da hannun da bai saba da komai ba sai maɓallan tafireta, tafinsa ya yi bororo, bororon ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya koma. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Da ƙafa yake zuwa da ƙafa yake dawowa, yana bin gefen titi don kada tsofaffin abokan aikinsa su hange shi daga cikin mota da fartanya a kafaɗa.

Da zafi ya kai zafi, baƙon dauro ya shigo gidan hayar, ya kama 'yarmu Ladidi, tana shekara uku. Ta tashi da ƙyar. Bakinta duk ya yi gyambo, ba ta iya haɗiyar garin rogo, ba abin da take cewa sai kunu. Na roƙi Malam ya roƙi Iya ko tafin hannu ɗaya. Iya ta ce iri ba abinci ba ne. Ba zan zalunce ta ba, a ranar ta cire 'yan kunnenta na azurfa ta ba shi ya je kasuwa. Amma gero ya yi wuyar gani a shekarar, abin da ya samo bai kai mako ba, yarinya ta koma kwance tana kallon rufi. Ran wata Asabar, Iya ta shiga banɗaki, Malam yana gona, na taka kujera na kwance damin na zare zangarniya uku. Biyu na murje da hannu, na kai gidan maƙwabciya na niƙa a dutse na ce daga gidanmu aka aiko mini. Kunun ya yi kwana uku, Ladidi ta sha har tana lashe ludayi, ta fara zama. Wannan ban taɓa yin nadamarsa ba, har gobe. Ta ukun na naɗe a tsohon ɗankwali na sa cikin kwalla na rufe.

Daga nan sai tsoron Juma'a ya kama ni. Iya za ta baza, ta ƙirga, ta tarar da talatin da takwas. Na kwana na tashi ina neman ƙaryar da zan yi, ban samu wadda za ta tsaya ba, don ɓera ba ya kwance igiya ya mayar.

Ran Talata ni da Iya muka kai wa Malam abinci gona, Ladidi tana bayana. Rana ta take, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Sai muka ga inuwa tana gilmawa a ƙasa. Muka ɗaga kai, sama cike da shamuwa, sun fi a ƙirga, suna kewayawa can ƙoli ba tare da kaɗa fiffike ba, iskar zafi ce ke ɗauke da su. Suka yi ta saukowa har suka cika inda Malam ya ƙona shara. Ban taɓa ganinsu kusa haka ba. Baya baƙi mai sheƙi, ciki fari fat, fuska shuɗiya da ɗan ja kusa da ido, gwiwa da yatsu jajaye. Suna tafe a hankali cikin toka suna caɓe fara da tsutsa, ba kuka ba hayaniya. Wasu ƙafafunsu sun yi fari kamar an shafa musu farar ƙasa, don in zafi ya dame su kashinsu suke saki a ƙafa su ji sanyi.

Iya ta zauna a kan kunyar gona tana hawaye. Ta ce a ƙauyensu akwai gawo a tsakiyar gari da shamuwa ke sheƙa a kai tun kafin a kawo ta aure, kowace shekara su dawo sheƙarsu ta bara, yaron da ya jefe su kuwa sai ya sha duka wurin kowane babba. Shekara biyun nan na rashin ruwa sun zo sun tsaya a kan gawon, suka duba, suka tashi ba su yi ƙwai ba. Yau ga su Allah ya kawo mata har gona. Ta ce gobe-goben nan a yi binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, ruwan farko ya tarar da shi a ciki. A wurinsu damina gajeriya ce, wanda ya makara da mako guda ya makara da shekara, shi ya sa suna ganin shamuwa suke binne.

Ni kuwa na san abin da ba ta sani ba. Ubana ya koya mana cewa tsuntsuwar ɗaya ce amma zuwanta biyu ne. Akwai ta wucewa, wadda ke zuwa da yawa, ta ci fara, ta kwana biyu, ta yi arewa. Ruwan da ke bin bayanta na kashe ƙura ne, ya zuba sau ɗaya ya ɗauke. Akwai kuma ta zama, wadda ke zuwa biyu-biyu, ka gan ta da kara a baki tana kaiwa bishiya. Sai ta ɗauki kara ake fito da iri daga rumbu. Mu nan ƙasar ruwa yana daɗewa, ba wanda ke tseren shuka. Abin da Iya ta sani gaskiya ne a garinsu, domin can ne ƙarshen tafiyar shamuwa, duk wadda ta sauka ta zo zama. Nan kuwa hanya ce.

Baba Ɗanjuma ya tsallako daga gonarsa ya faɗa wa Malam kusan haka, ya ce a dakata. Malam ya mayar wa Iya, Iya ta ce mai shuka doya ne zai koya mata gero? Ni ma na faɗa, sau ɗaya, yadda matar ɗa ke faɗin magana. Na juya ina gyara goyo na ce, "Ladidi, kin ga ko ɗaya ba ta ɗauki kara ba." Iya ta ji. Ta tambayi Malam ko a birnin nan har tsuntsu sai ya nuna takarda kafin a yarda da shi. Malam ya harare ni, na sunkuya na tattara kwanukan abinci.

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina kunya ce ta rufe mini baki. Ba kunya ba ce kaɗai. Da na so, da na samu Malam shi kaɗai na yi masa bayani har ya gane, mutum ne mai jin magana in ba a gaban uwarsa ba. Amma a kan hanyar komawa gida na lissafa kwanaki, na ga in aka sussuke damin kafin Juma'a, ba sauran zangarniyar da za a ƙirga. Raina ya yi sanyi. Washegari tun Iya ba ta shafa addu'ar asuba ba na sauko da damin na zuba a turmi. Ta fito ta tarar na yi nisa. Ta tsaya tana kallon yadda nake sheƙewa, sannan ta ce ashe ɗiyar birni ta iya sussuka. Shi ne yabo na farko da ta taɓa yi mini.

Ran Alhamis muka yi binne. Malam yana gaba da sungumi yana sara, ni da Iya muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasar ta bushe har sungumin yana tsalle. Jiragen sojan sama suna tashi suna sauka a kanmu, shamuwa tana bin sawunmu tana tsince abin da sara ya tono. Iya tana tafe tana bismilla a kowane rami, tsohuwar da ba ta iya miƙewa sosai, ta ƙi hutawa har muka kai iyaka. Ta rage iri cikin ƙoƙo guda ta ƙulle a gefen zaninta. Ran Asabar Malam ya dawo daga gona ya ce babu shamuwa ko ɗaya, duk sun tashi. Iya ta ce sun je kiran ruwa.

Kwana tara muna kallon gabas. Ran na goma da yamma hadari ya haɗu, iska ta kwashe kwanon rufin banɗaki, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, yaran gidan haya suna bi da kwano. Iya ta tsaya cikin ruwan ta ƙi shiga ɗaki. Ni kaina na fara cewa ko ubana ne ya yi kuskure, na kuwa roƙi Allah ya sa haka ne. Kwana huɗu gona ta yi kore, tsiro siri-siri a jere. Iya ta bi layi-layi tana duba inda bai fito ba, ta kwance ƙullin nan na gefen zaninta ta cike gurbin da sauran irin, ba ta bar ko ƙwaya ba.

Daga nan sama ta washe. Mako ɗaya, mako biyu, ko gajimare babu. Zafin ya dawo ya fi na da, irin wanda ke sa mutum ya ji numfashinsa yana ƙona masa leɓe. Tsiron ya fara naɗewa da hantsi ya warware da yamma, daga baya ya daina warwarewa. Muka koma ɗibar ruwa daga wani rafi da ya rage kwatami-kwatami, ni da bokiti, Malam da garwa biyu, Iya da butar alwalarta, mutum uku a kan gona guda. Kafin ka kai ƙarshen layi farkonsa ya bushe. Sai fara ta fito, ƙanana masu tsalle, ta bi ɗan abin da muka ceto. Ga fara ta cika gona, shamuwar da za ta ci ta kuwa tana can wata ƙasa. Ranar ƙarshe da Iya ta je, ta durƙusa tana tona ramukan da yatsa ko akwai ƙwayar da ba ta tsira ba. Duk sun tsira, duk sun mutu. Ta karkaɗe hannunta ta ce mu tafi gida.

Bayan mako uku da 'yan kwanaki, wata safiya na fito shara, sai na ga shamuwa ta ratsa kan gidanmu da kara a baki. Su biyu ne, suka kama wani tsohon rimi a bayan masallacin layinmu. Suka wuni suna kai da kawo, wannan ya kawo kara wancan ya gyara, in sun haɗu su rusuna wa juna suna ƙwanƙwasa baki. Kwana biyu da haka ruwa ya sauka, ya kuma zauna. Baba Ɗanjuma ya auno wa Malam irin masara da dawa, bai ce masa ai na faɗa maka ba, kuma wannan shirun nasa ya fi yi wa Malam ciwo. Aka sake shuka. Iya ba ta sake taka gonar ba.

Azumi ya kama a cikin wannan ruwa. Wuni dogo, gari a jiƙe, itacen girki ba ya kamawa sai hayaƙi. Muna buɗa baki da kwaɗon rama ko tafasa da ɗan kunun masara tsararo. Ran uku ga wata da la'asar, ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsinke rama, Malam yana kishingiɗe a tabarma bai daɗe da dawowa daga gona ba, sai Iya ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kuma kira sunana, shi ma ba ta taɓa yi ba.

"Rabi, ɗaurina na sani. An kwance damin nan an mai da shi da ƙullin da ba nawa ba, tun kahin a sussuke. Ba hwaɗa na zo yi ba, ɗiyata. In akwai ko guda da ta rage, ki ba ni. Ƙasa ta jiƙu."

Kwallar tana bayana, taku uku. Na buɗe baki ke nan sai Malam ya tashi zaune.

"Haba Iya. Rabi ba ta ɗaukar abin da ba a ba ta ba. Ko allura ce a gidan nan, inda aka ajiye nan za a tarar."

Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a gaban uwarsa ba, ranar ya ɗaga saboda ni. An raba shi da aikinsa, an raba shi da gidansa, gona ta kunyata shi, abin da ya rage yana tinƙaho da shi ni ce. Kuma na san in na ce na ɗauka, maganar ba za ta tsaya nan ba. Za a tuna wadda ta yi sammakon sussuka, za a tuna wadda ta san zancen kara ta faɗa sau ɗaya ta yi shiru. Da azumi a bakina na ce, "Iya, ban taɓa ba."

Ta kalli ramar da ke hannuna. Sannan ta ce to, Allah shi ba mu haƙuri, ta ja kujerarta ta koma inda ta saba zama.

Kullum sai in ce gobe zan ba ta. Na yi tunanin in jefa zangarniyar bayan kabad a ce faɗuwa ta yi, amma Iya ta share wurin nan ya fi sau uku tana nema. Na yi tunanin in same ta ita kaɗai, sai in ga ai za ta shuka, Malam zai tambayi inda aka samu. Haka azumin ya tafi. Ita kuwa ta koma zama a bakin zaure tana kallon rimin. Ta san lokacin da suka fara kwanci, ta san wanne ya karɓi wanne. Da 'ya'yan suka ƙyanƙyashe takan gaya wa Ladidi yadda uwa da uba ke amayo musu fara, in rana ta buɗe kuma ɗaya ya tsaya ya baza fiffike ya yi musu inuwa. Da Ladidi kawai take hira. Ni tsakanina da ita sai gaisuwa, kuma ba ta sake ce mini ɗiyar birni ba, ba ta sake kiran sunana ba.

Bayan Salla da kwana biyu labari ya zo cewa ruwa ya sauka a ƙauyensu, shamuwa ta koma kan gawo. Iya ta ce za ta tafi. Malam ya yi roƙon duniya, ta ce wanda ya zo wucewa ba ya ɗaukar kara. Ranar tafiyar na buɗe kwalla, na soke zangarniyar a ƙugu cikin zanina, na rantse a raina zan tura ta cikin ƙunshinta a tasha. Can lokacin shuka bai wuce ba, da ta isa da ita da ta shuka. Muka taka zuwa tasha cikin taɓo, gashin geron yana sukar fatata a kowane taku. Amma Malam ne ya riƙe ƙunshin, shi ya miƙa wa yaron mota aka ɗaure a sama, bai kuma matsa daga gefena ba. Iya ta shiga ta zauna bakin taga. Da direba ya tayar da mota sai ta yafito ni, na sunkuya, ta yi maganar a hankali yadda ɗanta ba zai ji ba.

"In kin dahwa, Allah shi sa ya zama magani ga yarinya. In ko kin aje, ki sa mata toka. Ƙwari na ci."

Hannuna yana kan ƙuguna. Malam ya matso yana cewa a sauka lafiya. Motar ta ja, ni kuma ina tsaye da hannu a ƙugu kamar mai ciwon ciki.

Ba ta ga kaka ba. Kafin 'ya'yan shamuwar nan su gama koyon tashi su bi iyayensu kudu, aka aiko mana ta rasu. Masara da dawar Baba Ɗanjuma suka yi kyau, su suka riƙe mu har shekara ta zagayo. Yanzu inda gonar take gidaje ne da shagunan bulo, rimin ma an sare shi an faɗaɗa masallaci, shi ya sa shamuwa ba ta da wurin sauka a Kawo sai ƙarfen waya.

Na sa tokar, amma na makara, ƙwari sun riga sun cinye fiye da rabi. Abin da ya rage bai cika tafin hannuna ba. Shekarar da ta biyo Malam ya samu teburi a bakin wata kotu yana buga wa mutane takardu, ya bar noma. Ni kuwa na jira. Ta wucewa ta zo ta wuce ban motsa ba. Sai da biyun nan suka dawo rimi, na ga kara a bakinsu da idona, sannan na shuka a bayan ɗakinmu, jikin katanga, layi uku gajeru. Ni da na san komai, ni ma ban rage ko ƙwaya ba. Duk ya fito. Ina zuba masa tokar murhu, ina korar kaji, ina duba shi kafin in duba tukunya. Na yanke a raina cewa ranar da ya fitar da kai, gashin nan ya bayyana, zan kamo hannun Malam in kai shi ya ga geron ubansa, in faɗa masa komai, ya yi yadda ya ga dama da ni.

Geron ya kai ƙwauri ke nan, wata Lahadi na tafi suna Unguwar Kanawa. Na dawo da yamma na tarar da Malam a tsakar gida, ya naɗe ƙafar wando, tsohuwar fartanyarsa a hannu, yana gumi yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki. Akuyoyin maƙwabta suna bakin ƙofa suna cin wani kore da aka watsa musu.

"Ciyawa na gani ta tashi a bayan ɗaki," in ji shi. "Na ce kada maciji ya samu wurin ɓuya ga yarinya tana wasa. Na share miki ita tas."

Na leƙa bayan ɗakin. Ya yi aikin da kyau, har saiwa ya tone. Na ce masa sannu da aiki, na shiga na ɗora masa ruwan wanka.